Garin da Ba a Tambayar Asali

A ce a wani rinji na ƙasar Zazzau wata baiwa ta haihu ranar 31 ga Maris 1901, maƙwabciyarta kuma ta sauka washegari. Ungozoma ɗaya ta yanke cibi, wanzami ɗaya ya yi askin suna, mutum ɗaya ya mallaki iyayen. Amma bisa dokar da Gwamna Lugga ya kafa a wannan shekara, jaririn farko bawa ne, na biyu ɗa ne. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ba mai mallakarsa. Wanda ya riga wannan rana zuwa duniya kuwa yana nan hannun ubangidansa, sai in ya fanshi kansa.

Lokacin da aka rubuta dokar ma Turawa ba su ci Zazzau ba tukuna. Sai a 1902 suka shiga Zariya, Kano da Sakkwato kuma a 1903. Dokar ta hana hari, ta hana saye da sayar da mutum, ta ce kotun Bature ba ta san wani abu wai shi bawa ba. Abin da ba ta yi ba shi ne ta ce riƙon bawa laifi ne. Wanda yake da bayi ɗari ya kwana da su, ya tashi da su. Lugga ya yi wa bayin Arewa irin abin da ake yi wa akuya, a buɗe mata ƙofar garke amma a bar igiya a wuyanta.

Ba mutane kaɗan ake magana a kansu ba. Masana tarihi biyu, Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, a littafin da suka fitar a 1993, sun ƙiyasta bayin daular Sakkwato a 1900 tsakanin miliyan ɗaya da miliyan biyu da rabi. Amurka, da ta yi yaƙin basasa a kan bauta, bayinta sun kusa miliyan huɗu a 1860. Barazil ta soke tata a 1888. Mu nan sai bayan nan da shekaru goma sha uku aka kafa wannan doka.

Da yawan waɗannan bayi daga kudu da kogin Kaduna aka kwaso su. Ƙasar da unguwar Romi take a yau, cikin ƙaramar hukumar Chikun, ƙasar Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Su da Adara da Ham da Bajju da Atyap da sauran maƙwabtansu sun sha hari a ƙarni na goma sha tara, don Zazzau tana aika wa Sakkwato bayi a cikin gaisuwar shekara, tana kuma cika rinjojinta irin su Hanwa da Biye. A rinji bawa yakan yi wa ubangida noma daga hantsi zuwa azahar, sauran yini ya koma gayaunarsa. Daga yamma kuma ga Sarkin Sudan na Kontagora, Ibrahim Nagwamatse, wanda ya mayar da garuruwan Gwari da yawa kufai. Ana ba da labarin cewa da Turawa suka ce ya daina kamun bayi, sai ya tambaye su ko ana hana kyanwa kamun ɓera, ya ce shi ma da bawa a baki zai mutu. Sun kore shi daga Kontagora a farkon 1901, suka kama shi a 1902, sannan su da kansu suka mayar da shi kan gado a 1903, ya yi ta mulki har ya rasu a 1929. Duk mai son sanin iyakar ƙiyayyar Bature da bauta, ya duba wannan. Bature yana bukatar sarakuna su tara masa haraji, dukiyar sarakuna kuwa bayi ce, saboda haka aka bi abin a hankali.

Bayin ne ba su jira ba. Su Lovejoy sun ce aƙalla mutum 200,000 suka gudu a shekaru goman farko. Wasu sun nufi duwatsun da aka kwaso su. Amma wanda aka kama yana ɗan shekara biyar, ko bacucanen da aka haifa a rinji, wane gida zai nufa? Irin waɗannan sai suka bi inda Bature ya kafa sansani, suka riƙa bin hedikwatarsa duk inda ta koma.

Ta farko ita ce Lakwaja, a mahaɗar Kwara da Binuwai, garin da tun zamanin Likita Baikie, wajen 1860, 'yantattun bayi ke cikin mazaunansa. Har yau ana nuna wa baƙi wasu ƙarafa a can, ana cewa bawan da ya gudo ya taɓa su ya tsira. Wanda ya sarauci garin daga 1896 zuwa 1904 shi kansa tsohon bawa ne. Sunansa Abbega, Bamargi, wanda wani Bajamushe mai yawon bincike, Adolf Overweg, ya fansa a Barno tare da wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, ɗan Dambanas ta ƙasar Damagaram. Da Overweg ya rasu a 1852 sai yaran suka bi abokinsa Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Suka je Timbuktu, suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, suka sauka Landan a 1855. Daga bakin Dorugu wani ɗan mishan, Schön, ya rubuta yawancin Hausar da Turawa suka fara koyo, kuma Dorugu ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano, inda ya rasu a 1912. Shi kuwa Abbega, garin da ya sarauta shi ne inda Turawa suka riƙa kai sarakunan da suka tuɓe: Kwasau na Zazzau, Alu na Kano, Abubakar na Bida. Masu dubban bayi suka ƙare kwanansu a garin da yaron da aka taɓa ɗaure wa igiya a Kukawa ya yi wa sarki.

A 1902 hedikwata ta koma Zungeru, kuma a can gwamnati ta buɗe gidan renon yaran da aka ƙwace daga hannun fataken bayi. Yara ne da ba su san sunan garinsu ba, wasu ko yarensu ba mai ji. Da yawa sun iso a galabaice, suka mutu a gidan. Waɗanda suka rayu aka koya musu wanki da guga da ɗinki da kafinta, aka rarraba su: maza boyi-boyi a gidajen Turawa, mata a aurar da su ga soja da ma'aikata, wasu a miƙa wa mishan. A 1909 aka kwashe ragowar zuwa Rumasha a bakin Binuwai, gidan da mishan ɗin Karl Kumm ya gina da sunan matarsa Lucy.

Sai jirgin ƙasa. An fara shimfiɗa dogo daga Baro a 1907, ya isa Kano a 1911, kuma ya ƙetare kogin Kaduna a daidai inda garinmu Kaduna yake yanzu. Da hannu aka yi aikin, da diga da shebur da kwando. Mutum ya ciko ƙasa ya ɗora a ka, ya hau tudu ya zubar, ya dawo, heluma yana tsaye a kansa, daga fitowar rana har ta yi sanyi. Yawancin leburorin ba don ransu ya so suka zo ba. Razdan ya gaya wa sarki adadin da yake so, sarki ya gaya wa hakimi, hakimi ya gaya wa dagaci, dagaci kuwa ba ɗansa zai tura ba. Gbagyi sun ɗanɗana wannan ɗiba ƙwarai, don dogon ta tsakiyar ƙasarsu ya ratsa, kuma a 1909 mutanen Gussoro suka kashe wani jami'in Bature da 'yan sandan da ke tare da shi, aka aika musu soja. Mutanen da aka ce an zo raba su da masu hari, su aka sake tasa wa gaba da sunan aikin gwamna.

Duk da haka, aikin dogo ya kawo abin da rinji bai taɓa bayarwa ba, wato kuɗi a tafin hannun wanda ya yi aikin. Sule da sisi da taro, na ƙarfe, ba wuri ba. Da wannan kuɗi bawa yake biyan murgu, abin da yake ba ubangida don a bar shi ya yi neman kansa. Da shi kuma yake tara fansa. Hanyar da Lugga ya fi so ke nan: bawa ya je gaban alƙali, a kira ubangida, a yanka abin da zai biya, ya riƙa kawowa kaɗan-kaɗan, ran da ya cika a rubuta masa takarda a buga hatimi. Lissafin gwamnati ya nuna mutum wajen 55,000 suka sami 'yanci ta kotu tsakanin 1902 da 1917. A lura da wanda ya biya. Da Ingila ta soke bauta a tsibiran Karibiyan a 1833, baitulmalinta ne ya biya masu bayi diyyar fam miliyan 20. A Arewa bawan ne ya biya diyyar kansa da guminsa, sannan ga harajin gwamnati yana jiransa.

Wanda ya ƙi wannan hanya ya gudu kuma, an shirya masa tarko. An umarci razdanoni kada su ba gudajjen bawa gona, kada su bar shi ya zauna a bakin bariki ba aiki, in ya yi yawo a kama shi da laifin zaman banza. Sai dai takarda daban, bukata daban. Bature yana son lebura, yana son ɗan dako, yana son soja, kuma ba ya cika tambaya in ƙato ya zo da ƙarfinsa. Tun a Legas a 1863 da gudaddun bayi Hausawa wani Bature, Glover, ya kafa rundunar da ta zama tushen sojan Najeriya. Waɗanda suka fasa ganuwar Kano a Fabrairun 1903 baƙar fata ne, Turawan cikinsu 'yan kaɗan.

Cikin wannan hali aka haifi Kaduna. Lugga ya dawo Najeriya a 1912, Zungeru ta ishe shi da zafi da sauro, aka zaɓi wannan fili a 1913 saboda ga ruwa, ga dogo, ga sarari, kuma ba a cikin ganuwar wani sarki yake ba. Soja aka fara kawowa. Yaƙin Duniya na Farko ya jinkirta sauran, sai a 1917 ofisoshin gwamnati suka taso daga Zungeru. Wato garin ya tashi ne a daidai tsakiyar shekarun da bauta ke mutuwar tsaye, shekara 16 bayan dokar farko, shekara 19 kafin ta ƙarshe.

An tsara shi yadda kowa zai san matsayinsa. Turawa suna unguwarsu mai itatuwa, an bar fili na yadi 440 ba gini tsakaninsu da baƙar fata, wai don sauro. Akawuna 'yan Legas da Saliyo da Gwalkwas suna nasu layin, kuma ba a rasa jikokin 'yantattun bayi a cikinsu, don Firitawun ta Saliyo gari ne da aka kafa domin irinsu. Soja suna bariki. Leburori da 'yan dako da masu sana'a suna Sabon Gari da Tudun Wada. A ƙetaren kogi, gefen kudu, tashar jirgi ta tara nata mutanen a Makera da Kakuri, musamman bayan da dogon gabas daga Fatakwal ya iso a 1927. Bayan waɗannan duka sai ƙauyukan Gbagyi, masu ƙasar, waɗanda ba a sa su a taswirar gari ba amma su ke ciyar da shi. Da sassafe za ka ga matansu sun jero a hanya, itace da doya a cikin ƙwarya an ɗora a kafaɗa, ba a ka ba, sun nufi kasuwa.

Abin da Kaduna ta bai wa tsohon bawa, wanda Zariya da Kano ba za su iya ba shi ba, shi ne rashin sani. A birni kowa ya san gidan da ka fito, ya san wanda ya sayi uwarka. A nan kowa baƙo ne. Mutum ya tsaya gaban akawun da ke ɗaukan soja ko lebura, a ce sunanka, ya ce Audu. Daga ina? Kano. A rubuta Audu Kano, shi ke nan. Haka aka cika rajista da su Musa Bauci da Garba Zariya, alhali wani Bamargi ne, wani Bagwari, wani daga Adamawa aka kawo shi yana goye. Sunayen da iyayengiji ke laƙa wa bayi, irin su Nasamu da Allah-Kyauta, aka bar su a hanya. Abu ɗaya ne ba ya ɓoyuwa, tsagen fuska. Tsoho mai ido yana kallon kumatunka ya san dutsen da aka kamo ka. Maganin wannan sai a 'ya'ya: a haife su a bariki, su tashi da Hausa a baki, fuska ba zane.

Kada a ɗauka kowane bawa ne ke neman hanyar gudu. Bayin sarki wasu sun fi 'ya'ya ƙarfi da dukiya. A Kano, Ɗan Rimi Allah-bar-Sarki ya kai har Razdan Cargill ya taɓa ɗaga shi zuwa muƙamin Waziri, kuma sai a tsakiyar shekarun 1920 Turawa suka karya ikon bayin fada. Irin waɗannan ba abin da Kaduna za ta ba su. A rinjoji ma da yawa sun zauna, musamman tsofaffi da masu iyali, suka mayar da dangantakar ta zama ta ubangida da bara: a kai gaisuwar salla, a kama aiki ran biki. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa a 1949 da 1950, ta faɗi yadda zuwan Turawa ya watsa bayin gidansu, wasu suka tafi wasu suka tsaya, mazan gida suka koma riƙe fartanya da kansu.

Wadda ƙofar ta fi yi wa ƙunci ita ce mace. Namiji yana iya shiga soja ko dogo ko haƙar kuza a Jos. Baiwa kuwa, Turawa da alƙalai sun haɗu a kan cewa ba a sakinta sai a hannun wani namiji, wai kada ta lalace a bariki. In ta gudo, maganarta takan koma ta aure: wa zai biya fansarta? Mai kuɗi ya biya, a rubuta an 'yanta ta, ta tashi daga ɗakin wani ta shiga ɗakin wani a matsayin sa-ɗaka. A takarda an ƙara mutum ɗaya cikin 'yantattu, a zahiri an yi ciniki gaban alƙali. Ni a ganina nan ne dokar ta fi kunyata kanta. Waɗanda suka kuɓuce wa wannan suka iso Kaduna, su ne masu tuwo da fura da ƙosai a bakin tasha da ƙofar bariki, masu wanki, masu dafa burkutu. Gari ya ci daga hannunsu, ya kuma ba su sunan banza.

Cinikin mutane ma bai mutu da wuri ba, ya dai koma na dare, ya koma na yara, ana shigo da su daga wajen Adamawa da Kamaru a ce 'ya'yan riƙo ne. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, malami kuma mawallafin waƙoƙi, wanda a zamaninsa aka yanki filin Kaduna daga ƙasar Zazzau, Turawa sun tuɓe shi bayan ya yi mulki daga 1903 zuwa 1920, kuma harkar bayi tana cikin zarge-zargen da suka yi masa. Shi ma Lakwaja aka kai shi, ya rasu a can a 1924.

Abin da ya kawo ƙarshen maganar daga waje ya zo. Majalisar Ƙawancen Ƙasashe, wadda take Janeba a lokacin, ta yi yarjejeniyar hana bauta a 1926, daga baya ta kafa kwamitin da ya riƙa tambayar Ingila halin da ake ciki a ƙasashen da take mulka. Ingila tana sukar Habasha a kan bayi, ga nata a Arewacin Najeriya. A 1936 aka yi dokar da ta ce duk wanda aka haifa ko aka shigo da shi Arewa ɗa ne. Wanda ya zo duniya a Maris ɗin 1901 yana da shekara 35 a lokacin, ya riga ya yi furfurar farko.

Bayan nan garin Kaduna ya ci gaba da cin ƙauyukan kudu ɗaya bayan ɗaya. Masaƙar Kakuri ta buɗe a 1957, matatar mai a 1980, wadda rafin Romi ya riƙa kwashe ruwan da take zubarwa zuwa kogin Kaduna. Rikicin 2000 ya sa mutane suka rabu, kowa ya koma gefen kogin da yake ganin zai yi barci da ido biyu rufe, Romi ta cika ta batse. A layi ɗaya yanzu za ka sami jikan wanda aka kama, da jikan wanda ya gudu ya shiga soja, da jikan wanda aka ƙwace wa gona aka shimfiɗa dogo. A ƙetaren gada ma haka abin yake, don jinin rinji ya shiga gidajen sarauta ta ɗakunan ƙwaraƙwarai, kuma sarakuna da yawa 'ya'yansu ne. Sai dai maganar ba ta tashi sai ran neman aure, a aika bincike a ɓoye, ko ran faɗa, a jefi mutum da ita.

Ɗalibanmu na tarihi, na Jami'ar Jihar Kaduna da na Ahmadu Bello, ga aiki a ƙofar gida. Tsofaffin da suka ji labarin nan daga bakin waɗanda abin ya faru a kansu suna ƙarewa, a je a zauna da su tun suna iya magana. Rajistocin 'yantattun bayi kuma suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, an rubuta sunan kowa da shekarunsa da ƙabilarsa da hannun wanda aka damƙa shi. Daga Romi zuwa can mota ɗaya ce ko biyu.